Shuka Tulip da Kuɗi Kaɗan: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Uwa Mazauna Ƙasashen Sanyi

Ina zaune a arewacin Ingila, a gidan haya, kuma abin da nake kira lambuna bai wuce ɗan fili a bayan gida da aka shafe da siminti ba. Amma duk watan Afrilu, in baƙi suka leƙa ta ƙofar kicin suka ga tukwane cike da furen tulip, ja da fari da ruwan lemo, tambayar farko ita ce nawa na kashe. In na faɗa, sai a ƙi yarda. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan uwa suka fi yi mini, wasu a wurin suna, wasu a ƙofar masallaci, wasu ta waya. Abin da ake binnewa a ƙasa dunƙule ne mai kama da albasa sak, don haka albasa zan riƙa ce masa. Sai dai a riƙe tun yanzu cewa ba ta ci ba ce.

Anti, me ya sa ake shuka ta ana shirin shiga sanyi? Ba ta mutuwa?

Sanyin nan shi take nema. Asalin tulip daga duwatsun tsakiyar Asiya yake, wajen tsaunukan Tiyan Shan da Famir, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, sannan rani ya zo da zafi da fari. Albasar ta saba da haka: tana kwance a ƙasa mai sanyi tana fitar da saiwa, in gari ya fara ɗumi a Maris ta huda, ta yi fure a Afrilu ko Mayu, ganyen ya bushe, ta koma barci. Tana bukatar mako 12 zuwa 16 a sanyin da bai haura digiri 9 na ma'aunin Celsius ba. In ba ta samu ba, ko dai karan ya fito gajere, furen ya buɗe a cikin ganye, ko kuma ba za ta yi fure ba sam.

Akwai abin da nake so kowa ya gani da idonsa sau ɗaya. Ki ɗauki albasa guda a watan Nuwamba, ki tsaga ta biyu daga sama zuwa ƙasa da wuƙa mai kaifi. A tsakiya za ki ga ɗan tsiro mai launin rawaya-rawaya, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba, kuma in kin duba da kyau za ki ga furen da kansa a naɗe, an riga an halicce shi. Farin naman da ke kewaye da shi kuwa guzurinsa ne. Ranar da na fara ganin haka na daɗe a tsaye da wuƙa a hannu ina tasbihi. Ma'anarsa ga mai neman sauƙi ita ce manomin Holan, ƙasar da ake noma yawancinta, ya riga ya yi aikin. Furen shekarar farko yana cikin abin da kika saya. Naki kawai ki binne shi, kar ki bari ya ruɓe.

Yaushe ta fi araha?

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba. Albasar takan shigo kantuna tun ƙarshen Agusta, lokacin tana kan cikakken farashi. Da zarar kayan Kirsimeti sun fara neman wuri a kan kanta, sai masu kanti su ƙosa su rabu da ita, su rage rabin kuɗin, wani lokaci fiye da haka.

Sa'ar da aka yi ita ce wannan lokacin ragin shi ne kuma lokacin da ya fi dacewa a shuka tulip a Ingila. Akwai wata cutar fumfuna da Turawa ke kira gobarar tulip, saboda ganyen kan murɗe ya yi tabo kamar wuta ta lashe shi. Ta fi yaɗuwa a ƙasa mai ɗumi da laima, shi ya sa masu lambu ke jira sai Nuwamba, ƙasa ta yi sanyi. Wanda ya sayi tulip a Satumba ya biya da tsada, kuma dole ya ajiye ta wata biyu. Wanda ya jira ya biya rabi, ya shuka a ranar.

Wannan ba ya aiki ga dafodil da kurokus, wasu furannin da su ma daga albasa suke fitowa. Su suna son shiga ƙasa a Satumba ko Oktoba. Haka kuma 'yan uwa na Kanada da arewacin Amurka, inda ƙasa ke daskarewa ta zama dutse, kada ku bi lissafin Ingila. Ku shuka a Oktoba, kafin cebur ya kasa shiga.

Ai an ce araha ba ta ado. Ba asarar kuɗi za a yi ba?

Maganar gaskiya ce a wurin atamfa. A wurin albasa, ya danganta da dalilin arahar. In an rage kuɗin don lokaci ya ƙure wa mai kanti, albasar ita ce dai wadda ake sayarwa da tsada mako uku da suka wuce. In kuwa arahar ta samo asali daga ƙanƙanta ko lalacewa, to nan karin maganar ta yi daidai.

Hannu ke bambancewa. Yawanci ana sayar da ita a jakar raga ko leda mai huji, don haka ki matsa kowace ɗaya ta cikin jakar, kamar yadda kike zaɓen albasar miya a kasuwa. Mai kyau tana da tauri da nauyi. Wadda ta yi laushi, ko ta yi sakayau kamar ba komai a ciki, ko ta ƙandare ta yi fari kamar alli, ta mutu. Ki duba gindinta, inda saiwa za ta fito, kada ya zama ya lotsa ko ya yi baƙi. Ki sunsuna jakar: in kin ji tsami, ajiye ta. Ɓawon nan ruwan ƙasa in ya tsage ko ya zube gaba ɗaya ba komai. Ɗan fumfuna shuɗi-shuɗi a kan ɓawo ma ba abin damuwa ba ne in naman yana da tauri, a goge shi da tsumma. Ɗan tsiro a sama, tsawon farce, shi ma lafiya lau.

Abin da ya fi kashe albasar kanti shi ne zafin cikin kanti. Jakar da ta yi wata uku kusa da na'urar ɗumama ɗaki ta sha wuya fiye da wadda ke rumfar waje.

Lambobin nan na jikin jaka, 10/11 da 11/12 da 12+, me suke nufi?

Kewayen albasar ne a santimita, wato in an zagaya ta da zare a inda ta fi kauri. Girma shi ne guzuri: 12+ ita ce babba, tana ba da kara mai kauri da babban fure. Mai 11/12 ta wadatar ƙwarai, kuma ita nake yawan saye. Mai 10/11 za ta yi fure, amma ƙarami. In jaka ba ta rubuta girma ba sam, ki yi zaton ƙanana ne, ki duba da ido.

Nan ne ake yaudarar ido da yawan ƙwaya. A ce jaka ɗaya mai ƙwaya 10 manya fam 4 ce, wata mai ƙwaya 25 ƙanana fam 5. Ta biyun ta fi araha a lissafin kowace ƙwaya, kuma in za ki cika babban wuri da za a hango daga nesa, ita ta dace. Amma tukunya guda a bakin ƙofa, wadda za ki wuce ta sau goma a rana, a ba ta manyan. Wannan ma'aunin bai shafi ƙananan tulip na daji ba, waɗanda albasarsu da ma can ƙarama ce.

A ina ya kamata in saya?

Kantunan sauƙi irin su Lidl da Aldi da B&M suna kawowa a kaka, kuma ba na raina kayansu, don mafi yawan albasar tulip ta duniya daga gonakin Holan take fitowa, ko a wane kanti aka same ta. Abin da ba su da shi shi ne zaɓi mai yawa, kuma takan ƙare da wuri. Manyan wuraren sayar da kayan lambu sun fi tsada a farko, amma su ke yin ragi mai kyau a ƙarshen Nuwamba.

Hanyar da na fi so ita ce oda daga dillalan albasa masu aikowa ta gidan waya, irin su J. Parker's da Peter Nyssen, dukkansu a yankin Manchester. Wurinsu, farashin kowace ƙwaya yana sauka sosai in an sayi 50 ko 100 na iri ɗaya. Mutum ɗaya ba ya bukatar ɗari, amma mu biyar muna bukata. Mukan haɗa kuɗi kamar adashi, mu yi oda guda, mu biya kuɗin aike sau ɗaya, ranar da kwalin ya iso a baza tabarma a falo a kasa. Su ma dillalan sukan yi ragin ƙarshen kaka, sai dai a lokacin sanannun iri sun ƙare, sai abin da aka samu.

Jakar gauraye fa, mai launi kala-kala?

Ita ce mafi araha, kuma yara na son ta. Aibinta shi ne ba tare suke buɗewa ba, kuma tsayinsu ba ɗaya ba, wata ta bushe kafin wata ta toho. A ƙasa ba laifi. A tukunya na fi son iri ɗaya ko biyu.

Yaya, zan je Amsterdam a Afrilu. In sayo a can, tunda can ne tushenta?

Ki je ki sha kallo, amma ki bar albasar. Lambun Keukenhof da ke garin Lisse, wanda aka buɗe wa jama'a a 1950, ana shuka albasa kusan miliyan 7 a cikinsa kowace shekara, kuma mako takwas kacal yake buɗe, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Gani ya kori ji. Sai dai a Afrilu albasar bana tana cikin ƙasa tana fure, ba a tone ta sai Yuni ko Yuli. Duk busasshiyar albasar tulip da aka miƙo miki a Afrilu ragowar bara ce da ta wuce lokacin shuka. A 2019 hukumar birnin Amsterdam da ƙungiyar manoman albasar fure sun gwada irin wadda ake sayar wa baƙi a kasuwar furanni ta birnin, suka tarar kusan duka ba ta yi fure ba. Ban da haka, tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, shigo da albasa daga can sai da takardar shaidar lafiyar tsiro. Amurka ma haka take nema.

Tunda ana maganar yaudara: hotunan tulip shuɗi shar, ko mai launin bakan gizo, da ake tallata irinsu a intanet, aikin kwamfuta ne. Babu tulip mai shuɗi na gaske. Kuma ko irin na gaske ne, tulip daga ƙwayar iri yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin ya yi fure.

Ba ni da lambu, baranda kawai. Zai yiwu?

Zai yiwu, har ma ya fi sauƙi, don tulip na son tukunya. Kuma ba sai tukunyar kanti ba. Baƙin bokitin magina, bokitin da masu sayar da furanni ke zubarwa, tsohuwar robar wanki mai zurfi, duk suna yi. Sharaɗi biyu ne: zurfi ya kai santimita 30 ko kusa da haka, sannan a huda gindin. Ni nakan ɗora ƙusa a wuta in ya yi ja in huda biyar ko shida. In bokitin zai zauna a kan siminti, a ɗora shi a kan bulo biyu don ruwa ya samu hanyar fita.

Bokiti mai faɗin santimita 30 yana ɗaukar ƙwaya 12 zuwa 15. A tukunya ana jera su kusa da kusa, tazarar yatsa ɗaya ko biyu, kada dai su taɓa juna. Kuskuren da na fi gani shi ne rowa: a sayi goma a raba su tukwane biyar, su fito tsilli-tsilli. Gara tukunya ɗaya cikakkiya.

Kuma a bar ta a waje. Wata ƙanwata ta ji tausayin tata, ta shigo da ita falo a Disamba, sai ta fito da dogon ganye fari-fari ya kwanta, ba fure. A wuraren da sanyi ke da tsanani sosai, irin Kanada, tukunya na iya daskarewa har ciki, to can sai a sa ta a gareji marar ɗumi har hunturu ya sassauta.

Sai na sayi sabuwar ƙasar buhu?

A'a. Tunda guzurinta na jikinta, ƙasar da aka noma tumatir ko furannin rani a ciki ta isa. A farfasa ta, a tsince tsoffin saiwoyi, a ƙara yashi mai kaushi ko ƙananan tsakuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Wadda ba a maimaitawa ita ce ƙasar da tulip ya yi cuta a cikinta. In gobarar nan ta taɓa kama wuri, a tumɓuke tsiron a jefa a shara, kuma kada a sake sa tulip a wurin sai bayan shekara 3.

Mai shukawa a ƙasa kai tsaye ya duba inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama, ya guje shi. Ƙasar yumɓu mai riƙe ruwa ita ce babbar abokiyar gabar tulip. Jigawa take so, da rana.

Yaya zurfin ramin, kuma ina ne sama?

Tsinin sama, faffaɗan gindin ƙasa. Zurfi ninki uku na tsayin albasar, wato santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi guda. A ƙasa a bar tazarar santimita 10 tsakani. Ba sai an haƙa wa kowace raminta ba, a haƙa faffaɗan rami guda a jera goma a ciki a rufe. Zurfin nan kada a yi masa ha'inci. Albasar da ke can ƙasa ta fi tsira daga kurege, karanta ya fi tsayawa a iska, kuma ta fi dawowa baɗi.

Na manta da jakata a ɗakin ajiya, ga shi Janairu ya kama. In ajiye sai baɗi?

Kada ki ajiye. Albasa ba irin gero ba ce da za a sa a rumbu shekara ta zagayo. Abu ne mai rai, tana cin guzurinta a hankali, kafin kaka mai zuwa ta zama ɓawo. In har tana da tauri, kuma ƙasa ba ta daskare ba, ki shuka yau. Na taɓa shukawa a mako na biyu na Janairu, da yatsu a ƙandare, suka yi fure a Mayu, karan ya ɗan gajarta amma fure cikakke.

Ban-ruwa fa?

Sau ɗaya ranar shuka, sai a bar wa sama. In tukunyar tana ƙarƙashin rufi, a riƙa taɓa ƙasar, in ta bushe a ɗan zuba. Daga Maris, da ganye ya fito, tukunya na saurin bushewa, to nan a kula.

Wani abu yana tone mini su da safe. Mene ne?

Kurege ne, mai furfura ɗin nan da ya cika wuraren shaƙatawa na Ingila. Wayonsa bai gaza na tatsuniya ba. Shekarata ta biyu da farawa na fito da safe na tarar da ramuka a tukwane uku, ƙasa a warwatse a kan siminti, ga albasa guda an gatsa an yar, da shatin haƙori biyu a jikinta. Abin ya yi mini ciwo, don da kuɗin cefane na rage na saye su.

Abin da ya yi mini magani shi ne ragar waya irin ta akurkin kaji. A yanka daidai bakin tukunya, a lanƙwasa gefen, ko a danne da bulo, a cire ta in tsiro ya kai tsawon yatsa. A kuma share ɓawon da ya zube a wurin shuka, don ƙanshinsa ke kiransu, a daddanna ƙasar, saboda sabuwar haƙa ke jan hankalinsu. Wasu na barbaɗa garin barkono, amma ruwan sama na wanke shi. Dafodil kuwa kurege ba ya ci, don yana da guba.

Da gaske guba ce? Na ji an ce mutanen Holan sun ci ta.

Sun ci, a hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da abinci ya yanke a yammacin ƙasar. Wannan larura ce, kuma sai da aka koya musu cire tsakiyar. Albasar kanti ba abinci ba ce ko kaɗan. Tana sa amai da ciwon ciki, tana cutar da kyanwa da kare, kuma wasu mutane hannunsu na ƙaiƙayi ya tsattsage in sun daɗe suna taɓa ta, don haka mai fata mai saurin kamuwa ya sa safar hannu. Ta dafodil ta fi haɗari. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su nisanta dafodil daga wurin kayan miya, saboda ana samun masu ɗaukarsa a matsayin abinci.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da ba ma girki sai da albasa. Wata shekara Inna ta zo mana ziyara daga gida, na bar jakar a kan teburin kicin na fita. Na dawo na tarar ta ɓare biyu tana juya su a hannu, tana cewa, "Ke, wannan wace irin albasa ce ba ta da yaji a ido?" Allah ya kiyaye, ba ta kai ga tukunya ba. Tun ranar jakar tulip ba ta sake shiga kicin ɗina ba. Ku ajiye ta can nesa da hannun yara da na baƙi, a cikin jakarta mai hoto.

Wane iri ne ke dawowa kowace shekara, don kar in riƙa saye?

Wannan ita ce tambayar mai tattali, kuma amsar tana bukatar gaskiya. Yawancin tulip masu ado sosai, masu tattara kamar gashin aku ko masu ganyen fure ninki-ninki, shekara ɗaya suke yi da kyau, daga nan su ja baya. Dalili kuwa, albasar da kika shuka tana ƙarewa ne wajen yin furen, ta bar 'ya'ya a madadinta. In ɗiyar ta kai girma, ta yi fure baɗi. In ta rabu gida huɗu ƙanana, sai ganye zalla. Manoman Holan suna sare kan furen tun da wuri don ƙarfin ya koma ƙasa, su tone, su tace manya, su adana a ɗaki mai daidaitaccen zafi. Damshin ranin Ingila ba ya ba da wannan.

Amma akwai masu juriya. Dangin Darwin Hybrid su ne kan gaba: Apeldoorn ja, Golden Apeldoorn rawaya, Pink Impression ruwan hoda. Suna da tsayi, furensu babba, kuma suna cikin mafi araha domin ana noma su da yawa. Purissima fara, mai fitowa da wuri, ita ma tana daɗewa, haka Spring Green da Ballerina mai ruwan lemo da ƙanshi. Queen of Night, wadda ta yi duhu har ta kusa baƙi, takan dawo shekara biyu ko uku a wurina. Sai ƙananan na daji, irin su Tulipa tarda da Tulipa turkestanica, gajeru ne, furensu kamar tauraro, amma in wuri ya karɓe su har yaɗuwa suke yi da kansu.

Bayan furen ya zube me zan yi?

Ki tsinke kan, inda ƙwanson iri ke kumbura, ki bar kara da ganye. Kada ki yanke ganyen, kada ki ɗaure shi, sai ya yi rawaya da kansa, kamar mako 6. Munin nan na ganye mai bushewa shi ne lokacin da albasar ke tara guzurin baɗi. A ba ta takin tumatir na ruwa duk mako ko mako biyu har ganyen ya fara juyawa. In tukunya ce, a ja ta gefe inda ba ta tsone ido, amma tana samun rana.

Daga nan hanya biyu ce. Wadda ke ƙasa mai tsane ruwa, a zurfi, a bar ta. Ta tukunya kuwa a zazzage, a kaɗe ƙasar, a shanya a inuwa kwana kaɗan, a ware manya a sa a jakar raga ko ta takarda, a rataye inda iska ke shiga har Nuwamba. Leda tana ruɓar da ita. Ni tsarina shi ne sabuwar albasa a tukwanen bakin ƙofa, ta bara kuma in binne a ɗan zirin ƙasar da ke jikin katanga, abin da ya fito riba ce.

In kuɗin kaɗan ne ƙwarai, ba gara wani furen ba?

A lissafin shekaru, gara. Dafodil, musamman ƙaramin nan Tête-à-tête, da kurokus, da muskari mai kama da ɗan gungun inabi shuɗi, sau ɗaya ake saye su yi ta ƙaruwa, bayan shekara uku ko huɗu a tone a raba, har a ba maƙwabta. Ana iya haɗa su da tulip a tukunya guda hawa-hawa: tulip a can ƙasa, a rufe, dafodil a tsakiya, a rufe, kurokus a sama. Tsiron ƙasa yana neman hanyarsa ta tsakanin na sama. Tukunya ɗaya sai ta ba da fure daga Fabrairu har Mayu. Matsalar kawai, mai wannan tsari sai ya shuka a Oktoba, kafin ragi.

Hajiya, in na kai gida, Kano ko Damagaram, za ta yi?

Ba na so in ba ki fata marar tushe. Sanyin hunturunmu na dare ne da asuba, da rana ta ɗaga ƙasa ta ɗumama, ko a Jos bai kai abin da tulip ke nema ba. A ƙasashe masu ɗumi akan sa albasar a firji wata uku kafin shuka, nesa da tuffa da ayaba, don iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa tana kashe furen da ke ciki. Wannan na bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, kuma ko an dace, furen kwana kaɗan zai yi a zafi, albasar ba za ta sake ba. Ga batun takardun shigo da tsiro.

Muna da namu masu son ƙasarmu. Albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadama da farkon damina da babban fure fari mai ratsin ja, ba ta gaza tulip kyau ba. Amarilis, wadda a Ingila ake lallaɓawa a cikin ɗaki, a gida waje take zama ta yi ta haihuwa. Su ma dai ba a ci.

Wai gaskiya ne an taɓa sayar da albasa ɗaya a kuɗin gida?

An yi wani abu kusa da haka. Turkawan Daular Usmaniyya sun mayar da furen abin ado na fada, suna kiransa lale. Sunan tulip da Turawa suka ba shi ya samo asali daga kalmar Turkanci ta rawani, kuma in kin kalli furen kafin ya buɗe za ki ga naɗin. Masanin tsirrai Carolus Clusius ya shuka shi a lambun jami'ar Leiden a 1593, daga nan mutanen Holan suka kamu. A shekarun 1630 farashin wasu iri, musamman Semper Augustus mai fari da ratsin ja kamar harshen wuta, ya kai kuɗin gida mai kyau a Amsterdam, har kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637. Sai a ƙarni na 20 aka gano cewa ratsin nan da ake rububi cuta ce ta bairos, wadda ƙananan kwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, kuma tana raunana albasar. Masu ratsi da ake sayarwa yau, irinsu ne haka, lafiyarsu ƙalau, kuma ana samunsu a kwandon ragi tare da sauran.

Fam goma kawai zan iya warewa bana. Me za ki saya in ke ce?

Zan jira makon ƙarshe na Nuwamba. In nemo bokiti biyu kyauta, in huda, in cika da tsohuwar ƙasar tumatir da yashi. In je wurin ragi in matsa jaka-jaka har in samu masu tauri, iri ɗaya, Apeldoorn in akwai, ƙwaya 25 ko 30 masu girman 11/12. Canjin da ya rage in sayi ɗan yankin ragar waya. Bokiti ɗaya a bakin ƙofar gida, ɗayan kuma daidai tagar kicin, inda zan riƙa ganinsa ina wanke-wanke. Wajen ƙarshen Fabrairu za ki ga kawunansu sun ɓullo, jajaye-jajaye, masu tsini kamar ƙahon ɗan akuya, to ranar sai ki cire ragar.